Kan Kifin Malam

Ni mutum ne mai ƙara wa zance gishiri, kuma duk Talata Mafara an san ni da haka. In na ce na ga maciji kamu goma, mutane sukan cire bakwai su riƙe uku. In na ce na kamo tarwaɗar da sai da jaki ya durƙusa sau biyu kafin ya kai ta gida, sai su ce to, ta kai tsawon hannu ke nan. Ban taɓa jin haushi ba, ni ma da hannuna nake taya su ragewa. Amma wannan da zan faɗa ban ƙara masa komai ba. Na ma gwada, ya ƙi karɓa.

Ina sabon aure aka tare gulbi a Bakolori. Fadamar da muka gada ta daina cika, aka ba mu wani fili a cikin aikin noman rani, ruwa na zuwa mana ta kanal na siminti kamar an aiko shi da takarda. Muka shiga shinkafa sau biyu a shekara, ga tumatir, ga tattasai. Tare da ruwan nan feshi ya zo. Kowa ya goya famfo a baya kamar mai jego. Tsutsa ta fito a fesa, ciyawa ta fito a fesa, ganye ya yi ɗan rawaya a fesa. Nakan ce ko inuwata ta daɗe tsaye a gonar sai na fesa ta. Ruwan da ya gama shayar da gonaki yana fita ta wani lambatu da muke ce wa diren, ya gangara wajen Bakura, ya zube a wani tsohon tafki mai gawo biyu a bakinsa. A diren ɗin nan muke wanke famfo in mun tashi aiki. Ba mu ɓoye ba, ba mu san abin ɓoyewa ba ne.

Tafkin nan da can yakan ƙafe da bazara. Da ruwan diren ya same shi sai ya daina ƙafewa, tarwaɗun ciki suka samu shekaru suna girma ba mai damunsu. Wani tsohon Basarke, masunci na gado, ya koya mini kafa gura, wato tarkon kifi, da ɗana ƙugiya, na zama ni ne mai kawo kifi gidanmu. Duk Alhamis da yamma in kafa, Juma'a da hantsi in je in kwashe.

A gidanmu kifi yana da doka. Mahaifinmu malami ne, kuma kowa Malam yake ce masa, har Inna da ta haife mu. Kifin da ya fi kowane girma nasa ne. In babba ne ƙwarai, to kan da ƙirjin nan mai kitse da hantar su ne rabonsa, a akushinsa na kansa, ba mai sa hannu. Mu manya, maza da mata, mu ci tsakiya da wutsiya, yara a soya musu ƙananan karfasa su yi ta fama da ƙaya. Haka kakanmu ya ci, haka Malam ya tarar. Ni kuwa na mai da abin gasa tsakanina da kaina. Kowace Juma'a ina son kan da zan kawo ya fi na waccan.

“Mi anka kamo yau, auta?” in ji Malam daga kan buzunsa.

“Malam, yau kakar tarwaɗu ce da kanta. Sai da ta yi mini nasiha kahin ta cika.”

“Mi ta ce?”

“Ta ce in rage ƙarya.”

“Ashe kihin kirki ne. Kai ma innarku.”

Inna takan dafa kan da daddawa da ɗan yaji, man ya taso ya rufe romon, rawaya shar. Malam yakan ci a hankali bayan an sauko daga masallaci, ya tsotse ƙashin tas, ya sa mini albarka. Shekara nawa muka yi a haka? 'Yata ta fari ba ta zo duniya ba lokacin da na fara, kuma har ta fara tallar innarta ina yi.

Malam da ka yake rubuta Alƙur'ani. Ya yi alkawari kowane ɗa nasa namiji zai bar masa guda da rubutun hannunsa. Yayyena uku duk sun karɓi nasu. Saura nawa, ni auta, kuma shi yake kai. Kullum daga hantsi zuwa kusan azahar yana zaure, takardu warware a gefe, kurtun baƙar tawada, da na ja don wasali, da alƙaluman da yake fiƙewa da kansa. Rubutunsa a tsaye yake kamar sahun salla. Mutane daga Maradun sukan zo don kawai su ga shafi ɗaya. Ni da ban wuce izu biyar da ka ba, nakan leƙa in tambaye shi ina aka kai, ya faɗa mini, in ce, “Malam, a yi sauri, kar in tsufa ban fara karatu ba.” Yakan ce takarda ba ta hana kowa karatu, lalaci ke hanawa.

A shekarun nan abubuwa suka yi ta ɓacewa, muna gani muna wucewa. Kwaɗin diren da suke cika kunne da damina suka yi shiru, sauro kuwa ya samu gari. Har cewa na yi na ga wani sauro ya ɗauki ɗan tsako. Aka yi wani feshi na tsuntsayen jan-baki da ke cinye shinkafa, gawarsu ta rufe ƙasa, shirwa da mujiya suka sauka suka yi walima, bayan kwana kaɗan su ma muka riƙa tsintar su a kunyoyi. Matan unguwa suka ji daɗi, kaji sun huta. Kakar da ta biyo, ɓeraye suka shiga shinkafa kamar an yi musu gayya, suna yanke kara tun daga tushe da rana tsaka, ba mai kallonsu daga sama. Sai muka sayo maganin ɓera. Ban tuna ko mutum ɗaya da ya haɗa wannan da wancan ba. Ni dai ban haɗa ba.

Inna ce ta fara gaya mini maganar hannun Malam. Ta ce ya zubar da kunu sau biyu a mako ɗaya. Na je zaure na zauna kamar hira na zo. Yana izu na arba'in da takwas. Ya tsoma alƙalami, ya kai bakin takarda, sai na ga tsinin yana 'yar rawa, kaɗan, kamar ganye in tsuntsu ya tashi daga reshe. Ya jira ta lafa, ya ja layi. Harafin ya fito da ɗan karkata. Ya daɗe yana dubansa, sannan ya zare takardar ya sa ta ƙarƙashin buzu, inda na ga akwai wasu.

“Sanyi ne,” in ji shi.

Ana tsakiyar bazara a lokacin.

Aka yi rubutu aka sha, aka kawo saiwoyi. Ni kuma na yi abin da na iya. Na ce Malam ƙarfi ne ya ragu, jiki na son maiƙo. Na ƙara kwana ɗaya, na koma kai kifi Talata da Juma'a. Na daina kula ƙanana, na shiga neman tsofaffin tarwaɗun nan masu kai kamar turmi, waɗanda suka fi shekara goma a laka. Na ce wa Inna kar ta kwashe man, a nan albarkar take. Wata huɗu na yi ina wannan hidima, hannun kuwa yana ƙara rawa, har leɓensa na ƙasa ya fara.

Ina da taubashi, ɗan ƙanwar Malam, malamin gona ne a aikin ruwan. Tun muna yara ba mu taɓa gaisawa da daɗin rai ba, sai da zagi. Wata Talata ya tarar da ni a bakin tafki ina jawo gura, ya kafe babur ɗinsa a gindin gawo.

“Bawana, har yanzu kana satar kihin Bakura?”

“Kai da ba ka iya noma ba anka ba aikin koya ma manoma, kai ka kira wani ɓarawo?”

Ya yi dariya, ya zo ya duba abin da na kama. Sai dariyar ta tsaya. Ya tambaye ni ko sayarwa nake. Na ce Allah ya kiyaye, wannan na kawunsa ne, na ma ba shi labarin yadda nake yi wa Malam jinya da kitsen tarwaɗa, ina jiran yabo. Bai yaba ba. Ya kama hannun rigata ya ja ni ƙarƙashin gawon da zalɓe ke sheƙa. Ƙasan cike da fasassun ƙwai. Ya ɗauki ɓawo ɗaya ya murza a yatsunsa, ya narke kamar ɓawon albasa.

“Uwar ce ta kwanta a kai ya hwashe,” in ji shi. “Yaushe rabonka da ganin ɗan zalɓe?”

Na yi tunani. Ban tuna ba.

Ya tsuguna, ya ɗebo ruwan tafkin a tafin hannu. Ya ce maganin da ke cikin wannan ɗan ruwan bai kai ya kashe ko tururuwa ba, shi ya sa kowa ke ganin ba komai. Amma akwai irin maganin da muka daɗe muna fesawa wanda ba ya ruɓewa, kuma in ya shiga jiki ba ya fita da fitsari, kitse yake nema ya kwanta. Gansakuka ta sha kaɗan. Ƙwarin ruwa su yi ta cin gansakuka, kowane ya tara na duk abin da ya ci. Karfasa ta ci ƙwari ba adadi, ta gaje nasu duka. Tarwaɗa ta shekara goma tana haɗiye karfasa, ta gaje na kowace. Ba wanda ke zubar da nasa a hanya, kowa miƙa wa na gaba yake.

“Kamar ƙoramu ke nan,” na ce, don bakina ba ya iya zama. “Kowace da ɗan ruwanta, dam shi tara.”

“Awo. To a tabkin ga, zalɓe shi ne dam. Shi ka cin na ƙarshe.” Ya dube ni. “A gidanku wa ka cin na ƙarshe?”

Na buɗe baki in ba shi amsar da za ta sa shi dariya, don na saba duk tambaya tana da irin wannan amsar. Sai akushin Malam ya faɗo mini a rai. Ban ji tsoro ba, ban ji baƙin ciki ba. Na ji kamar yadda ƙafa ke yi in an daɗe zaune a kanta. Na tsaya ina kallon tarwaɗar tana buɗe baki tana rufewa a cikin gura, ina lissafin cewa ta fi ta makon jiya.

Shi ma bai tsaya a kan maganarsa da ƙarfi ba. Ya ce shi ba likita ba ne, tsufa ma yana kawo rawar hannu. Muka kai Malam asibiti a Gusau da sunan duba jini. Na ja likitan gefe na ba shi labarin tafki. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce zai yiwu, zai kuma yiwu ba shi ba ne, awon da zai raba gardama ba a yinsa a nan. Ya ce dai a daina ba shi kifin. Na tambaya ko in an daina hannun zai dawo. Ya ce abin da ya shekara yana taruwa ba ya fita a wata ɗaya, wani ma ba ya fita. Ya rubuta ƙwayoyi.

Na daina zuwa tafki. Na gaya wa masu kamun da na saba tararwa a can, suka ce yau kuma da wadda ka zo ke nan, kifi ya zama boka. Ban yi musu gardama ba. A gida kuwa ban gaya wa kowa ba. Juma'ar farko na ce gura ta yage. Ta biyu na ce kada ya kore ni, kada mai tsawon motar haya, aka yi dariya. Ta uku na sayo naman rago a kasuwa na kai wa Inna. Ta karɓa, ta dube ni.

“Malam ya yi maka wani abu?”

“Haba Inna.”

“To shina tambaya. Bai tambaye ka ba, ni yaka tambaya. Matarka ta soya kihi shekaranjiya, ƙamshi ya shigo har nan.”

Gaskiya ne. Ƙananan karfasa ne daga can saman dam, taubashina ya ce waɗannan da sauƙi. Amma a gidanmu a ci kifi a wani ɗaki ba a kai wa Malam kai ba, wannan ba mantuwa ba ce, magana ce. Na san haka. Na zaɓi ya ɗauke ni mara kunya da in tsaya gabansa in faɗi abin da na yi shekaru ina zuba masa a akushi. Na ci gaba da zuwa gaishe shi kullum da safe, ina tsugunawa, muna jan gaisuwa har ƙarshenta, lafiya lau, lafiya lau, ya gajiya, ya iyali. Bai ƙara ce mini auta ba. Bai ƙara tambayar me aka kamo ba.

Rubutun bai tsaya ba. Yakan riƙe wuyan hannun dama da na hagu, ya danne, ya ja harafi ɗaya, ya huta. Abin da yake yi a hantsi ɗaya da can, yanzu sai ya ci mako. Takardun ƙarƙashin buzu suka yi tudu har ana gani. Ya shiga izu na hamsin da ɗaya.

Wata Juma'a bayan masallaci ya aika Inna ta kira ni. Akushinsa na gabansa a rufe, bai taɓa ba.

“Zamna.”

Na zauna.

“In na yi maka laihi, hwaɗi. Ban son in tahi da haƙƙin ɗa.”

Na ce ba laifi. Ya jira. Malam ya iya jira, ya koyar da yara shekara hamsin. Sai na fara. Na faɗa masa kamar mai karanta wasiƙar wani: diren, famfo, gansakuka, ƙwari, karfasa, tarwaɗa, ƙwan zalɓe, abin da likita ya ce da abin da ya ce bai sani ba. Na faɗi wata huɗun da na ƙara masa kitse. Muryata ba ta yi rawa ba ko kaɗan, har na ji mamakinta. Inna na tsaye bakin ƙofa da buta a hannu, ba ta ajiye ba.

Da na gama, Malam ya dubi hannunsa da ke kan gwiwa yana motsi shi kaɗai.

“Yaran mi sunka ci?”

“Ƙanana, Malam. Karfasa.”

“Kullum?”

“Kullum.”

“Matan hwa? Masu ciki?”

“Tsakiya. Wani lokaci wutsiya.”

“Kan da kitsen ba wanda ya taɓa?”

“Ba wanda ya taɓa.”

“To, alhamdu lillahi,” in ji shi. Ya jawo akushin, ya buɗe, tuwo ne da miyar kuka da tsokar rago. Ya ce wa Inna ta kawo cokali. Daga nan ya ce, “Kai ko, auta, wata biyu kana bari ina zargin ka. Wannan shi ne laihinka. Wancan ba naka ba ne kai kaɗai.”

Na ce to. Ina jin ya kamata in yi kuka a wurin, na ma jira ya zo. Na zauna ina kallon Inna tana tallafa masa cokali.

Ya ƙara mako uku yana gwadawa. Ranar wata Litinin da hantsi na shigo gaisuwa na tarar ya gama shafi, ya ɗaga shi wajen hasken ƙofa da hannu biyu, takardar tana kaɗawa. Ya daɗe. Sannan ya ce in miƙo masa shafin farko na Baƙara daga ƙasan tarin. Ya jera su a kan buzu. Ko ni da ban san rubutu ba na ga abin da ya gani.

“Wanga bai dace da maganar Allah ba,” in ji shi.

Ya sa shafin ƙarƙashin buzu. Ya ce in kawo gafakar da ya sa aka ɗinka tun shekarar da ya fara. Na riƙe masa bakinta, ya zuba izu hamsin cif da 'yan shafuka, sannan ya ɗora fararen takardun da ya tanada don sauran, ya ce in ɗaure, don shi ba ya iya ƙulli. Ya ba Inna alƙaluman ta wanke.

Na ce akwai abokin karatunsa a Maradun, hannunsa na da kyau, ko in kai masa ya cika.

“Naka ne,” in ji Malam. “Yadda ka gani.”

“Malam, kai dai ka hwaɗi.”

“Na hwaɗi. Naka ne.”

Na ɗauki gafakar na kai ɗakina, na sa ta a saman akwati, na rufa mata zane. Matata ta tambaya ko an gama ne, na ce an tsaya. Ta ce a ina, na faɗa mata. Daga nan na ɗauki fartanya na fita, don ranar ce ake sakar wa layinmu ruwa, kuma in ba ka je ka buɗe bakin gonarka ba wucewa yake.